Wasannin Mulki na Kwamfuta: Ko Akwai Nishaɗi a Cikinsu?

Tun kafin kwamfuta ta zo duniya Bahaushe ya san mayar da mulki wasa. A bukin kalankuwa, bayan an gama kaka, samarin ƙauye sukan naɗa wa junansu sarauta, wannan sarki, wancan alkali, wani kuma ɗan doka, su yi ta shari'a jama'a na dariya. Matan fada suna da wasan gauta, inda akan kwaikwayi sarki da fadawansa a gaban idonsa. Saboda haka tambayar ko mulki yana wasuwa ba baƙuwa ba ce. Abin da ya rage a bincika shi ne ko na'ura ta iya abin da samarin ƙauye suka iya.

Wasannin nan iri biyu ne. Na farko ya ɗauki ƙasa tamkar littafin ma'aji. Misalinsa Democracy 3: Africa, wanda ya fito a 2016, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe 10 da mai wasa zai iya shugabanta. Aikinsa ya ƙara haraji ko ya rage, ya ware kuɗin makarantu da na 'yan sanda, sa'an nan ya jira ya ga rukunin masu zaɓen da ya ji daɗi da wanda ya fusata. Lalle akwai koyarwa a nan, don ɗalibi zai gane cewa abin da aka ba wani, daga hannun wani aka karɓo shi. Amma daɗinsa gajere ne. Da zarar mutum ya gano lissafin da ke ƙarƙashin allon, shi ke nan, wasa ya koma aikin akawu.

Iri na biyu ya ɗauki mulki a kan cewa sha'anin mutane ne. Crusader Kings III, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2020, ya sa Daurama ta Daura cikin sarakunan da ake iya farawa da su a shekarar 867. A cikinsa mai wasa yana fama da aure, da gado, da ƙanen da ke haƙon gadon sarauta, da hakimin da aka hana ƙasa ya ƙullaci abin a zuci. Ko an ci yaƙi, in magaji rago ne sai daula ta wargaje. Wannan ya fi riƙe hankali nesa ba kusa ba, domin kuwa kowace shawara tana da farashi, farashin kuma yana da suna da fuska.

To, a auna wannan magana da tarihin arewacin Zamfara. Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a zamanin Sarki Babari, suka kafa Alkalawa a ƙasar Zamfarawa. Don haka da jama'ar Shehu Usmanu suka sauka Sabon Gari a 1805, Zamfarawa da yawa suka karɓe su, saboda abokin gabarsu ɗaya ne. Amma runduna ba ta zama sai da abinci, neman abincin nan kuwa ya yi wa masu masauki nauyi har zumunci ya ɓaci. A 1806 Namoda, jarumin Alibawa wanda Ƙaura take amsa sunansa, ya karya rundunar Gobirawa da Abzinawa a kusa da Zurmi, a 1808 kuma Alkalawa ta faɗi. Ga tambayar da ta isa a gina wasa a kanta: shugaba ya bar mayaƙansa da yunwa, ko kuwa ya ci rumbun abokinsa ya rasa abokin? Allon lissafi zai ƙidaya damman gero daidai, amma ba shi da gurbin da zai sa amana. Wasan da ya san dangantaka ne kaɗai zai iya ɗaukar wannan labari.

Duk da haka akwai inda iri biyun suka gaza kalankuwa. Sarkin kalankuwa yana wasa a gaban mutanen da suka san sarkin gaske, dariyarsu kuwa hukunci ce, har mai unguwa yakan ji a jikinsa. Mai wasan kwamfuta shi kaɗai yake, talakawansa ba sa iya yi masa dariya. In ya yi kuskure sai ya koma baya ya sake. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga malamin da zai kai irin wasan nan aji a Ƙaura, ko Shinkafi, ko Zurmi. A watan Satumba na 2021 hukuma ta katse layukan waya a Jihar Zamfara, ta kuma rufe kasuwannin mako, don a toshe wa 'yan bindiga hanya. A kan allo wannan danna maɓalli ɗaya ne. Ga wanda abincin gidansa ya rataya a kan kasuwar Shinkafi kuwa, babu maɓallin komawa baya. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa zai gane ƙaryar wasan da ya mayar da shi lamba tun kafin malam ya buɗe baki.

Hukuncin dai shi ne, wasan mulki yana da daɗi matuƙar ya tilasta wa mai yinsa zaɓi tsakanin abubuwa biyu masu ciwo, ya kuma nuna masa wanda ciwon ya sama. In ya rasa wannan, ko dai ya zama lissafi, ko ya zama mafarkin iko. Malamin tarihi da ya yi niyyar amfani da shi, ya fi kyau ya raba aji, waɗansu su riƙe sarauta, waɗansu su zama talakawan da za su ba da amsa da bakinsu bayan kowace shawara. Ta haka za a mayar wa wasan da 'yan kallon da na'ura ta raba shi da su.