Anini, Sule da Liyari: Wane Tsohon Kuɗi Ake Nema, Kuma Don Me?

A layin masu kayan gargajiya na Kasuwar Kurmi ta Kano da wuya ka rasa wata 'yar tasa cike da tsofaffin kuɗi, an ajiye ta gefen tsakiya da takubba da tandu. A gauraye suke: anini da ɗari da kwabo masu huji, toro da sisi, sule da dala, wani lokaci har da liyari ɗaya ko biyu da mai rumfa ya keɓe a aljihu. Masu tona tasar ba abu ɗaya suke nema ba. Kusan babu mai bin lissafin da aka buga kuɗin a kansa, wato anini goma kwabo, kwabo sha biyu sule, sule ashirin fam. Tun da kuɗin suka daina sayen gero, kowa ya yi musu sabon jeri, kuma jerin yana faɗin mai yinsa fiye da yadda yake faɗin kuɗin.

Maƙerin fari ya fi kowa sauƙin ganewa, don shi nauyi yake saye. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda Ingila ta kafa a 1912, ta fara fitar da toro da sisi da sule da dala a 1913, duk na azurfa mai kyau. Dala tana da nauyin giram 11 da ɗoriya, sule rabin haka. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai a 1920 aka koma buga su da farin ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Saboda haka maƙeri shekara kawai yake dubawa. In ta gaza 1920, sai ya jefa kuɗin a kan dutse ya saurari ƙararsa, ya ɗora a ma'auni. Toro da sisi ba su cika burge shi ba, sai ka tara da yawa kafin su yi zobe. Dala yake so. Hoton sarkin Ingila da ke jiki ya goge ko bai goge ba, duk wuta za ta ci.

Liyari kuwa ya fi dala a wurinsa nesa ba kusa ba. Shi ne babban kuɗin azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tireza ta Ostiriya, mai nauyin giram 28, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi tun kafin zuwan Turawan mulki. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza shi a kan wuri 2,500. A nan ne masu rumfa da yawa suke ruɗin kansu, har su ruɗi mai saye ba da niyya ba. Suna nuna maka 1780 da ke jikinsa a matsayin shaidar tsufa. Gaskiyar magana, 1780 shekarar da sarauniyar ta rasu ce, kuma tun daga lokacin duk wanda aka buga wannan shekarar ake sa masa, ko a Biyana aka buga shi, ko a Landan, ko a Bombai, domin 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka ba sa karɓar wanda ya sha bamban da wanda suka sani. An buga ɗaruruwan miliyoyi. Liyarin da ke hannunka yana iya kasancewa sa'an kakanka ne kawai. Darajarsa azurfarsa ce.

Mata ma manyan suke so, amma don wani dalili. Matan Fulani da na Barno sun daɗe suna jera sulalla a kitso da sarƙa, ana kuma ɗora kuɗi a kan zobe a matsayin kai. Kuɗin ado dole ya kasance mai faɗi da ƙyalli, dole kuma a huda shi ko a liƙa masa kunne. Wannan hujin na maƙeri shi ne abin da ke sa mai tara kuɗi na Turai ya ajiye sulen ya wuce, don a lissafinsa an kashe shi. Ni ban yarda an kashe shi ba. Sulen da ya shekara hamsin a goshin mace, ya bi ta gidan miji, ya sauka hannun 'yarta, ya yi aikin da sule bai taɓa yi a asusun gwamnati ba. Sai dai kasuwar masu tarawa ba ta biyan wannan.

Abin da take biya abu uku ne: ƙarancin bugu, ƙaramin harafin da ke nuna masana'antar da ta buga, da lafiyar jikin kuɗin. Mai tarawa yakan zo da madubin ƙara girma, yana neman H na masana'antar Heaton ta Bamingam, ko KN na King's Norton, ko SA na Firitoriya. Kwabo biyu masu shekara ɗaya suna iya bambanta a farashi ninki da yawa saboda harafin da mai rumfa bai taɓa lura da shi ba. A nan ne jerin yake kifewa, anini ya hau sama.

Anini shi ne mafi ƙanƙanta, sai ka tara 2,400 kafin su yi fam. An fito da shi a 1907 don ya kori wuri daga kasuwa, domin kwabo ya yi wa cefanen talaka girma, kuma a Arewa ya fi samun karɓuwa. Na farkon da gorar ruwa, wato alminiyam, aka buga shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Bai jure ba. Gumi da danshi suka riƙa cin sa, a 1908 aka sauya ƙarfen. Don haka aninin gorar ruwa mai lafiyayyen jiki abin nema ne, ya fi sulen tagulla da aka buga miliyoyi. Ɗauki ɗaya ka duba da kyau. Huji a tsakiya, don a zura shi a igiya yadda aka saba zura wuri. Tauraro mai tsini shida, wanda mutanenmu ke kira hatimin Annabi Sulaiman, irin wanda ke kan tutar Najeriya ta zamanin mulkin mallaka. Sannan ƙimar kuɗin da rubutun Larabci, don Turawan sun san wane rubutu 'yan kasuwar Kano da Katsina suke karantawa a lokacin. Sule da dala ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kan sarki ne da bishiyar kwakwar manja. A ganina anini da kwabo sun fi su ba da labarin yadda aka lallaɓa kasuwarmu ta saki wuri.

Hujin nan ya haifar da wani abin mamaki a 1936. Sarki Edward na Takwas ya sauka daga gadon sarauta a Disambar shekarar, kafin a fitar da kuɗi mai hotonsa a Ingila. Amma anini da ɗari da kwabo na Afirka ta Yamma ba su da wurin hoto, suna kawai ake rubutawa, don haka tuni an buga su da sunansa sun shiga kasuwa. Duk sabon mai tarawa yana son ya mallaki ɗaya, duk mai rumfar da ya ji labarin yana tsawwala kuɗinsa. Amma an buga su da yawa ƙwarai, wasu kuma sun ɓoye su tun suna sababbi, don haka ba su da tsada. Labari mai daɗi bai sa abu ya yi ƙaranci. Haka ma jita-jitar da kan taso lokaci-lokaci, cewa wani kwabo mai huji yana ɗauke da sinadarin da ake saye da miliyoyi: 'yan damfara ne kawai ke cin ribarta.

Akwai kuma dattijon da ba ruwansa da harafi ko ma'auni. Shi toron 1959 yake nema, mai kusurwa sha biyu da hoton auduga, daga kuɗin farko da Babban Bankin Najeriya ya fitar, don shi ake ba shi kuɗin tara. Na bayansa kuma kwabo 25 na 1973 suke ɗauka, mai dalar gyaɗa, shekarar da naira ta maye gurbin fam. Irin waɗannan masu saye sukan zaɓi ƙimar da ta taɓa shiga aljihunsu suna yara, shi ya sa ba sa waiwayar dala, wadda sai hannun manya. Su ne kuma suka fi yawan goge kuɗin da lemon tsami da toka har ya yi ƙyalli, abin da ke zubar da farashinsa a wurin mai madubi, don shi tsohuwar fatar ƙarfen yake so.

Cikin duk waɗannan, ƙananan kuɗin ne ba su da mai tsaron su a gida. Azurfa tana da maƙeri, ko da narkar da ita zai yi, kuma ba mai zubar da ita da ganganci. Anini da ɗari da kwabo kuwa tun suna aiki ake sa su a ƙarƙashin ƙusa wajen rufin kwano, don hujinsu ya yi daidai kuma sun fi abin da aka yi don aikin araha. Yau in an rushe tsohon soro aka tono tukunya cike da su, magada sukan duba ko akwai fari a ciki, in babu sai a kira ɗan gwangwan ya auna a kilo tare da tsohuwar waya da murfin tukunya. Waɗanda suka tsira da lafiyar jiki, yawancinsu a hannun dillalan Ingila da Amurka ake samun su, kowanne cikin 'yar takardarsa, an rubuta shekara da harafi.