Gidan Waya da Gidan Agege

Duk wanda ya zauna a majalisar mai shayi bayan isha'i ya san yadda abin yake. Yara sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, ana kallon wani saurayi yana zaga katafaren gida a Lekki ko Banana Island, yana buɗe ƙofofi yana faɗin kuɗin da kan tsuke baki. Mu ma manyan mukan leƙa, kada mu yi ƙarya.

Abin ba a nan ya samo asali ba. A 2000 tashar MTV ta Amurka ta fara shiga gidajen mawaƙa a shirin Cribs, a 2019 kuma Netflix ta kawo Selling Sunset, inda dillalan gidaje a Los Angeles suka zama 'yan wasa. A gida Najeriya, irin su Tayo Aina da Steven Ndukwu sun yi suna a YouTube da wannan yawon gidaje. Aikinsu na da kyau, hoto tas, ga na'urar da ke ɗauka daga sama. Sun kuma nuna wa talaka abin da ke bayan katangun da ba ya isa ya tsallaka.

Matsalarmu da wannan salo ita ce gidan da yake nunawa ba kowa a ciki. Ba tukunya a wuta, ba shanya, ba takalman baƙi a ƙofa. Kusan kullum rana ce tarwai, alhali kowa ya san yadda titunan Lekki ke zama kogi a watan Yuli. Da wuya ka ji an tambayi abin da mai haya a Agege zai fara tambaya: ruwan burtsatsen nan yana shayuwa? Awa nawa ake samun wuta? Takardun filin fa, an gama da omo onile? Da yawa daga bidiyon talla ne ya sa rigar nishaɗi, mai talla kuwa ba ya ɗaga kafet ya nuna tsagewar daɓe. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum sama da 40, shi ma gidan alfarma ake ginawa.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne abin ya shigo unguwa. Kakanninmu da cinikin goro ya kawo nan sun gina gida da baƙo a zuciya: zaure a gaba, ɗakunan fatake, tsakar gida inda mata ke girki da suna da biki ba wanda ya gan su daga titi. Yaron da ya sauka daga mota da jaka ɗaya yana da inda zai shimfiɗa tabarma kafin ya sami abin yi. Yanzu magada sun raba gado, ko sun ba mai gini ya rushe. Zaure ya koma shago, tsakar gida an yanka ta ƙananan ɗakuna masu banɗaki a ciki, an manna tayil, an yi silin POP da fitilu masu launi, haya ta ninka. Lambatun ƙofar gida kuma yana nan a toshe kamar jiya.

Har kicin haɗe da falo mun fara gani. Fisabilillahi, a gidan da ake tuƙa tuwo da kaɗa miyar daddawa, maigida na da baƙi maza a zaune, ina uwargida za ta tsaya? An zana wannan tsari don mutum biyu masu ɗumama abinci, mu kuwa goma ne a gida in ba a yi baƙi ba.

Aure ma ya ji a jikinsa. Mun san samarin da suka ɗage biki saboda an ce ɗakin bai yi kama da na waya ba. Ga kuɗin ejan, ga na yarjejeniya, wani mai gidan ma ya nemi hayar shekara biyu, duk da dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon mai haya.

Akwai yaranmu masu waya mai kyau da iya ɗaukar hoto. Muna so ɗaya ya shiga tsofaffin gidajen Zango da suka rage, da izinin masu su, ya ɗauki zauren da dattijon da ke zaune a ciki, ya tambaye shi baƙo nawa suka kwana a nan. Ya koma kuma sabbin ɗakunan ranar da aka kwana ana ruwa, ya nuna mana inda ruwan ya tsaya a bango.