"Danna kowane makulli don cigaba": ina gyaran yake?

Masu koyon rubuta manhaja sun san wannan matsalar: ka rubuta ɗan shiri da C++, ka buɗe shi a Windows, baƙin allo ya fito ya yi aikinsa ya rufe kafin ka ga sakamako. Sai a sa shirin ya dakata har mutum ya taɓa wani abu. Umarnin pause na Windows shi ke yin haka, yana nuna "Press any key to continue". Yanzu da matasanmu ke koyar da kwamfuta da Hausa, fassarar da nake yawan gani ita ce "Danna kowane makulli don cigaba". Niyyar mai kyau ce, amma jimlar da ɗalibi ke gani kullum a allo ita ce za ta zauna masa a baki, don haka mu duba ta.

Makulli dai na kulle ƙofa ne, kamar yadda mabuɗi yake na buɗewa. Turanci ne ya haɗa abin ƙofa da abin allon kwamfuta a kalma ɗaya, mu ba mu haɗa ba. Maɓalli muke da shi, ko madanni ga masu son sabuwar ƙira daga "danna". Ni na fi son maɓalli, don "danna madanni" yana da nauyi a baki. Shi kuwa "cigaba" a haɗe suna ne, kamar a "cigaban al'umma". A nan aikatau ake nufi, sai a raba: ci gaba.

Babbar matsalar tana wurin "kowane". Ku duba: "Kowane ɗalibi ya kawo littafinsa." Ɗalibai nawa ake nufi? Dukansu. To "Danna kowane maɓalli" fa? Wanda ya saba da kwamfuta zai gane guda ɗaya ake so, amma wanda yau ya fara zama gabanta yana da hujja idan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Turanci ya raba "any" da "every", ita kuwa "kowane" tana ɗaukar duka biyun, mahalli ne ke bambantawa, kuma a baƙin allo babu mahalli. Bahaushe in yana nufin zaɓi, cewa yake "ɗauki wanda ka ga dama" ko "ɗauki ɗaya, ko wanne ne". Wannan "ɗaya" ita ce fassarar ta jefar.

Kuma fa, ko a Turancin ma jimlar ba ta cika gaskiya ba. Ku gwada taɓa Shift ko Ctrl ko Alt shi kaɗai, pause ba zai motsa ba. Abin da ya fi wannan: wanda ya yi amfani da input a Python, shirinsa Enter kawai yake jira. In ya rubuta "kowane" a can, ya yaudari mai amfani, zai yi ta danna haruffa suna jeruwa a allo, shirin na tsaye. Nan sai a rubuta "A danna Enter".

Kun lura na ce "a danna". "Danna" tsurarsa umarni ne ga mutum ɗaya, kuma da zarar jimlar ta yi tsawo sai ka rasa ko "ka" za ka sa ko "ki". Sanarwarmu ta saba da "a": a cire takalmi, a rufe ƙofa. Ta haɗa kowa, ga ta da ladabi.

Ga abin da nake ba ku shawara ku riƙa sawa: "A danna maɓalli ɗaya, ko wanne ne, don a ci gaba." In allon ba shi da faɗi, "A danna wani maɓalli a ci gaba" ya wadatar.