A Bar Mai Koyo Ya Gama Rundunarsa

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu yi wa 'yan sojojin wasan tebur fenti, ni kuma na daɗe da zaɓar ɓangarena. Wanda ya shigo harkar yau, shin a sa shi ya bi tsohuwar hanya, shafi bisa shafi har hannunsa ya faɗa, ko kuwa a ƙyale shi ya ɗauki sababbin fentin nan masu gama aiki da shafa ɗaya? Tsofaffin hannu da dama suna ganin hanya ta biyu ragwanci ce, wasu har ha'inci suke kiranta. Ni a ganina babu alherin da ya sami masu koyo a shekarun nan kamarta, kuma masu kushe ta sun manta abin da ke korar mutane daga wannan harka tun kafin su ɗanɗani daɗinta.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, mutum biyu ne ke tsayawa a gaban babban tebur da aka jera wa 'yan duwatsu da bishiyoyi da kangayen gidaje. Kowa ya girke rundunarsa, a auna tafiyar soja da tef, a jefa dayis irin na ludo don a ga harbi ya samu ko ya kuskure. Abin ya daɗe a Ingila. Tun 1913 marubuci H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin irin wannan wasa mai suna Little Wars. Amma wanda ya mai da shi babbar kasuwa shi ne kamfanin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975, ya fitar da Warhammer a 1983, ya biyo da Warhammer 40,000 a 1987. Yanzu hedikwatarsa tana Nottingham, kuma a ƙarshen 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan. Duk a kan 'yan sojojin roba.

Sojojin nan ba a fente suke zuwa ba. A kwali ake sayar da su gunduwa-gunduwa, maƙale a jikin firam mai launin toka. Kai za ka yanke, ka kankare, ka manna hannu da kai, sannan ka zauna yin fenti. Tsayin kowane soja bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, ƙaramin yatsanka ya fi shi tsawo, amma a jikinsa akwai ido, akwai ɗamara, akwai maɓalli, akwai kube da zanen da ke jikin kuben.

Tsohuwar hanya ga yadda take. Ka fesa masa fentin share fage. Ka bi kowane sashe da launinsa, ka sirka fentin da ruwa don kada ya toshe zanen jiki, ka shafa sau biyu siriri-siriri. Wannan shawara ta shafi biyu sirara ita ta yi wa Duncan Rhodes suna lokacin da yake koyarwa a bidiyoyin kamfanin. Sai ka zuba wani fenti mai ruwa-ruwa mai duhu ya shiga lungu da saƙo ya fitar da inuwa. Sai ka dawo da launin farko ka gyara wuraren da duhu ya ɓata, ka ƙara wani mai haske a kansa, daga ƙarshe ka bi gefen kowane sulke da tsinin burushi ka ja layi kamar gashin kai. Idan aka yi shi da kyau babu abin da ya kai shi tsabta. Sai dai soja ɗaya yana iya cinye wa mai koyo yammaci guda, ga shi kuma wasu rundunonin, irin su Orks da Tyranids, sai mutum ya tara sittin ko ɗari kafin ya fita wasa. Lissafin ba ya buƙatar malami. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya fente biyar, ya gaji, sauran su koma kabad suna nan da launin tokarsu. Abin ya zama ruwan dare har 'yan harkar suka sa masa suna, suna kiransa tulin abin kunya.

A 2019 Games Workshop ya fito da fentin da ya kira Contrast. Yana da ruwa-ruwa kuma ana ganin abin da ke ƙarƙashinsa, an kuma haɗa shi yadda launin zai gangara ya taru a kwari, ya bar tudu da haske. Idan ka shafa shi a kan soja mai farin tushe, shafa ɗaya ta ba ka launi da inuwa da ɗan haske a lokaci guda. Sauran kamfanoni suka bi sahu, The Army Painter na ƙasar Denmak ya fitar da Speedpaint, Vallejo na Sifaniya ya fitar da Xpress Color. Fitowar Contrast ta zo gab da kullen korona na 2020, lokacin da mutane da yawa suka rasa abin yi a gida suka faɗa harkar. Sai kuma a 2022 wata dabara da ake kira slapchop ta bazu a YouTube, bayan tashar The Honest Wargamer ta yayata ta, kuma a kanta ne gardamar ta fi zafi.

Bari in nuna yadda ake yi, don a baki kawai ba a gane daɗinta. Ɗauki wani mayaƙi mai alkyabbar fatar kerkeci da rigar sarƙa. Ka fesa masa baƙi ƙirin. Ka samu faffaɗan burushi mai laushi, irin na kwalliyar mata ma ya isa, ka dangwali fenti toka-toka, ka goge shi a tsumma har ka ga kamar babu sauran komai a jiki. Sai ka riƙa kaɗa shi a kan sojan daga sama zuwa ƙasa. Da farko ba ka ganin komai. Can sai silin gashin alkyabbar ya fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, zoben sarƙar rigar su bayyana, ƙashin kumatu da karan hanci su ɗago daga cikin duhu, ƙarƙashin haɓa da hammata kuwa su tsaya baƙi yadda suke. Ka sake yin haka da fari, amma a kafaɗu da kai da saman hannu kaɗai. Yanzu a hannunka akwai mutum mai kama da tsohon hoto marar kala. Ka ɗebo fentin nan mai ruwa-ruwa, ruwan ƙasa-ƙasa, ka ɗora a alkyabbar, ka ga yadda yake bin silin gashin da kansa, sama ya yi haske, ƙasa ya yi duhu. Kafin shayinka ya huce ka gama da alkyabba.

Na ga fuskar wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku lokacin da ya yi wannan a karon farko. Ya ɗaga sojan sama kusa da fitila yana jujjuya shi, ya kasa ajiyewa. Wannan murnar ita ce jarin da mai koyo ke buƙata, domin ita za ta dawo da shi kan tebur gobe. Wanda ya yi kwana uku a kan soja ɗaya ya fito masa da ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, da wuya ya sake buɗe kwalba.

Masu cewa dabarar ba ta koyar da komai, a nan na fi rabuwa da su. Abin da ya fi wuya a zane kowane iri shi ne gane inda haske ke sauka da inda inuwa ke kwanciya. A tsohuwar hanya mai koyo yana fara fama da launi ne, ja nan, shuɗi can, kada ya tsallake layi, sai bayan watanni ya fara tunanin haske. Sabuwar dabarar kuwa ta juya abin. Tun ranar farko sai ka yanke shawarar ta ina rana ke dukan wannan mutum, kafin ka taɓa launi ko ɗaya. Ba kuma baƙon abu ba ne a duniyar zane. Masu zanen Turai da fentin mai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna fara hoto da toka-toka, su daidaita duhu da haske, sannan su shimfiɗa siraran launuka a kai. Babu wanda ya ce musu maha'inta. Kuma wannan ruwan inuwa mai duhu da tsofaffin hannu ke zubawa a kan komai ba tare da tunani ba, irin su Nuln Oil da Agrax Earthshade, shi ma ai gajeriyar hanya ce. Kafin ya wadata a kwalba, mutane da kansu suke sirka tawada ko su zana kowace inuwa da hannu. Kowane zamani yana samun abin da ya sauƙaƙa masa aiki, sai ya manta cewa sauƙi ne.

Abin da ke karya wa mai koyo gwiwa a gaskiya yana cikin wayarsa. Gasar fenti mafi girma ta kamfanin Games Workshop, Golden Demon, tana gudana tun 1987, kuma masu shiga suna iya shafe watanni a kan mutum-mutumi guda. Hotunan aikinsu ne ke yawo a Instagram, an ɗauka da babbar kyamara, an haska fitilu, an faɗaɗa abin da bai kai yatsa ba har ya cika allo. Mai koyo ya dubi wannan, ya dubi nasa, ya ji kamar ya jefar. Alhali nasa ba don a leƙa shi da madubin ƙara girma aka yi shi ba. A tebur za a gan shi, daga nisan hannu ko fiye, cikin 'yan uwansa ashirin. Daga wannan nisa layin gefen sulke ba ya fitowa, abin da ido ke kamawa shi ne launi mai ƙarfi da bambancin duhu da haske, wato daidai abin da sabuwar dabarar ta fi iyawa. Kamfanin ma da kansa bai nemi fiye da haka ba. Tun bugun dokokin Warhammer 40,000 na 2020, a wasannin gasa ana ba ɗan wasa maki 10 cikin 100 don kawai rundunarsa a fente take, ba a tambayar ko da wace hanya.

Ba na cewa dabarar ba ta da iyaka. Fentin mai ruwa-ruwa yana son jiki mai gargada: gashi, fata, tsumma, ƙashi, sarƙa. Ka kai shi kan shimfiɗaɗɗen wuri mai santsi, kamar kafaɗar sulken Space Marine ko gefen tankar yaƙi, sai ya rasa kwarin da zai gangara, ya tsaya ya yi tabo-tabo. Wannan ya shafi masu karatu da na san ba za su taɓa siffar mutum ko dabba ba saboda addini, su kuma suna da filinsu a harkar, tankoki da jiragen ruwa da gine-gine. Su kam tsohuwar hanya ko fentin fesawa ne ya fi musu. Sannan gyaran kuskure yana da wahala, tunda launin ba ya rufe abin da ke ƙasa. Idan ja ya tsallaka kan farar riga sai ka sake shafa fari ka faro daga nan. Kwalbarsa ta fi ta fentin gama-gari tsada, ko da yake ta fi girma, mililita 18 a maimakon 12. Akwai kuma zargin da na yarda da shi rabi da rabi, cewa rundunonin da aka yi da wannan dabara duk kama ɗaya suke yi, da wani ƙura-ƙura a jikinsu. Haka ne idan mutum ya yi garaje da busasshen burushi ya cika masa fenti. Maganin bai wuce ya ƙara goge burushin ya kuma sassauta hannu ba.

Duk waɗannan iyakokin mai koyo zai ci karo da su da kansa, kuma cin karon ne zai sa ya nemi ilimin tsohuwar hanya da ƙishirwa. Wanda ya gama sojoji talatin ya ga tankarsa ta yi tabo, shi zai zo yana tambayar yadda ake sirka fenti, kuma a ranar zai saurara da kunne biyu. Da koyo akan iya, amma sai mutum ya daɗe a wurin kafin koyon ya kama shi.

Saboda haka idan wani ya zo mini yana son farawa, ba na aika shi ya sayo kwalabe hamsin. Ƙaramin kwalin sojoji goma, gwangwanin baƙin fenti na fesawa, toka da fari, launukan ruwa biyar ko shida, da kwalba ɗaya mai ruwan azurfa don takubba da bindigogi. Burushi biyu sun isa, faffaɗa ɗaya da mai tsini ɗaya, kuma mai tsinin kada ya zama ƙarami ƙwarai, domin ƙaramin burushi fenti na bushewa a bakinsa kafin ya isa jikin soja. Wanda ke zaune inda iska take a bushe, balle lokacin hunturu, zai ga fentin yana daskarewa a faranti cikin minti kaɗan. Sai ya samu robar abinci mai murfi, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen soso, ya ɗora takardar da ake gasa kek a kai, ya riƙa ɗiga fentinsa mai kauri a nan. Abu biyu kaɗai nake nacewa a kansu tun ranar farko. Kada fenti ya hau har gindin gashin burushi inda ƙarfe ya riƙe shi, don idan ya bushe a can gashin zai tarwatse, burushin ya tashi aiki. Kuma ya yi sojojin goma tare, alkyabbar duka a zama ɗaya, fatar duka a zama na gaba, yadda kafin ya kai na goma na farko ya bushe.