Sharhi a Kan Yadda Ake Auna Ƙarfin Tsohuwar Azara a Yammacin Zamfara

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan hanyoyi biyu da ake bi wajen yanke hukunci ga tsohuwar azara, watau ko ta cancanci komawa kan rufi ko kuwa sai murhu. Ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a Gummi cikin Agustan 2024 ta nuna muhimmancin batun, domin abin da mai gida kan fara tsamowa daga kango shi ne azararsa. Haka al'adar take a Anka da Bukkuyum.

Hanya ta farko ita ce ta magina, waɗanda kan ƙwanƙwasa azara su saurari amonta. Wannan gwaninta ce ta gaske, amma a ganinmu ba ta wadatar ba. Azara takan fara ruɓewa ne daga bakinta da ke binne cikin bango, inda danshi yake kwanciya, musamman kusa da indararo. Tsakiyarta tana iya yin amo mai kyau alhali bakin ya mutu.

Hanya ta biyu ita ce ta injiniyoyi, masu dogara da jadawalin katako. A nan ma akwai gyara, domin giginya ba ta da tsarin maɗaci ko ƙirya. Ƙarfinta yana cikin baƙaƙen jijiyoyin da ke kusa da bawo, cikinta kuwa taushi gare shi. Saboda haka azara biyu masu kauri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen ɗaukar kaya.

Bisa ga haka, muna ba da shawara a haɗa kunnen magini da ma'aunin injiniya. A kankare bakunan biyu, a soka ƙarfe mai tsini, a datse inda ya nutse. Sa'an nan a gitta azarar bisa duwatsu biyu, a aza mata buhunan yashi daidai da nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasar rufi ta watan Agusta, a auna lanƙwasarta, a kuma duba ko ta miƙe bayan an sauke. Wadda ta gaza a faɗin ɗaki tana iya amfani a kan ƙofa ko taga.

Giginya takan ɗauki shekaru da dama kafin ta isa sara, don haka zubar da lafiyayyar azara ɓarna ce. Mayar da ruɓaɓɓiya bisa kan masu barci kuwa ganganci ne da rayuka.