Wanda Ba Shi da "Allah Ya Isa": Adalci da Hisabi a Rubuce-rubucen Albert Camus

1.0 Gabatarwa

Idan aka zalunci Bahaushe, ya rasa mai ƙwato masa haƙƙinsa, yakan ce "Allah ya isa". Da faɗin haka ya ɗaukaka ƙara zuwa ranar hisabi, zuciyarsa ta sami sanyi. To, mulhidi fa, wato wanda bai yarda da samuwar Allah ko tashin ƙiyama ba, ina zai kai tasa ƙarar idan azzalumi ya mutu bai ga sakayya ba? Makasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda marubucin nan na Faransa, Albert Camus, wanda aka haifa a Aljeriya a 1913, ya rasu a 1960, ya tunkari wannan tambaya. Shi kansa ba ya son laƙabin mulhidi, amma bai taɓa ɓoye cewa ba shi da imani ba.

2.0 Littafin La Peste

A 1947 Camus ya fitar da ƙagaggen labarinsa La Peste, wato Annoba. Cuta ta faɗa wa birnin Oran, aka rufe ƙofofin gari. Limamin Kirista, Fada Paneloux, ya hau mumbari ya ce annobar azaba ce saboda zunuban mutane. Likita Rieux kuwa, wanda ba shi da imani, bai tsaya musu ba, ya duƙufa ga jinya. Sun yi arangama ne bayan ɗan alƙali Othon, yaro ƙarami, ya cika a gabansu cikin matsananciyar wahala. Nan Rieux ya nuna ba zai taɓa aminta da tsarin da ake azabtar da yara a cikinsa ba.

Abin lura a nan shi ne, rashin imanin Rieux bai sa ya sake ba. Tun da ba ya jiran wata rana da za a gyara ɓarna, duk gyaran da za a yi sai a yi shi yau, kuma da hannun ɗan'adam. A ƙarshen littafin muka gane shi ne mai ba da labarin, ya kuma rubuta shi ne domin ya zama shaida ga waɗanda suka mutu. Ashe ke nan abu biyu suka rage masa: aiki ga masu rai, shaida ga matattu.

Sai dai littafin yana da rauni. Camus ya yi nufin annobar ta wakilci mamayar da Jamus ta yi wa Faransa daga 1940 zuwa 1944, amma ƙwayar cuta ba ta da niyya, ba a kuwa gurfanar da ita gaban alƙali. Roland Barthes ya yi masa suka mai kama da wannan a 1955. Masu iya magana kan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A Oran kuwa babu mai shi. Saboda haka labarin ya kauce wa ainihin tambayarmu.

3.0 Muhawara da Mauriac

Inda Camus ya fuskanci tambayar gaba da gaba shi ne a aikin jarida. Bayan an 'yantar da Paris a 1944, aka shiga hukunta waɗanda suka haɗa kai da Jamusawa. François Mauriac, ɗan ɗariƙar Katolika, ya riƙa kira a jaridar Le Figaro da a yi sassauci. Camus, a jaridar Combat, ya dage sai an yi hukunci. Ba mu ga abin mamaki ba: mai imani yana iya yin afuwa domin ya san akwai Alƙali a gaba, wanda ba shi da shi kuwa yana ganin abin da ya kuɓuce yau ya kuɓuce har abada.

Duk da haka, da aka yanke wa marubuci Robert Brasillach hukuncin kisa, Camus ya sa hannu a takardar neman a yi masa rangwame, alhali yana ƙyamar mutumin. Janar de Gaulle ya ƙi, aka harbe Brasillach ranar 6 ga Fabrairu, 1945. Daga baya Camus ya amsa a bainar jama'a cewa Mauriac ne ke da gaskiya. A maƙalarsa ta 1957 game da hukuncin kisa ya kawo hujjar da ta cancanci nazari: alƙalin da ya yi imani da lahira ya san hukuncinsa ba shi ne na ƙarshe ba, amma al'ummar da ta bar wannan imani, in ta kashe mutum bisa kuskure, babu mai gyarawa. Wato rashin lahirar da ya sa shi gaggawar hukunci a 1944, shi ne ya sa shi tsoron zarce iyaka a 1957.

4.0 Kammalawa

Tarihi ya nuna amfanin wannan matsayi da kuma iyakarsa. A 1964 Faransa ta yi doka cewa daɗewar lokaci ba ta kankare laifin cin zarafin bil'adama, a kan haka aka yanke wa Maurice Papon ɗaurin shekara 10 a 1998 saboda hannunsa a kwashe Yahudawa daga Bordeaux. Amma Josef Mengele, likitan sansanin Auschwitz, ya mutu a Barazil a 1979 bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Ga waɗanda ya hallaka, Camus ba shi da abin bayarwa sai tunawa, kuma darajarsa a wurinmu ita ce bai yi da'awar tunawa ta biya bashin ba.

Mu da muka yi imani da hisabi muna da amsar da ya rasa. Amma ya bar mana tambaya mai nauyi: sau nawa "Allah ya isa" ke fitowa daga bakin wanda ke da ikon tsayawa shaida, ya zaɓi yin shiru? Kalmar ta raunana ce. Idan mai iko ya are ta, ya mai da ita mafakar ragwanci, a nan kam likita Rieux ya fi shi kusa da abin da addini ya umurta.