Milton a Hannun Amurkawa: Nazari a kan Binciken George Sensabaugh

Gabatarwa

A shekara ta 1964 maɗaba'ar Jami'ar Princeton ta buga wani littafi mai suna Milton in Early America, wato Milton a Amurka ta Farko. Marubucinsa shi ne George Sensabaugh, malamin adabin Turanci a Jami'ar Stanford. Tambayar da ya sa a gabansa ita ce: yaya mutanen Amurka na dā suka karɓi John Milton, mawaƙin Ingila wanda bai taɓa taka ƙasarsu ba? Domin ya sami amsa, sai ya bi tsofaffin wa'azozi, da jaridu, da littattafan makaranta, da wasiƙun manyan mutane, yana neman sawun mawaƙin a cikinsu. A wannan nazari za mu duba abin da ya samo, sa'an nan mu auna hujjojinsa. Batun ya shafi duk mai karatu da ke ƙaunar littattafai, gama yana nuna yadda al'umma takan ɗaukaka marubuci har ta kusa jera shi da annabawa, alhali kowa abin da ya dace da bukatarsa kaɗai yake ɗauka daga gare shi.

Wane ne Milton?

An haifi John Milton a birnin Landan a 1608, ya rasu a 1674. Ya yi zamani da yaƙin basasar Ingila, ya kuwa goyi bayan majalisa gāba da sarki. A 1644 ya rubuta Areopagitica, inda ya yi roƙo a bar mutane su buga littattafai ba sai da iznin hukuma ba. Da aka yanke wa Sarki Charles na Ɗaya hukuncin kisa a 1649, Milton ya rubuta cewa jama'a suna da ikon hukunta azzalumin sarki, sabuwar gwamnati kuma ta naɗa shi sakataren harsunan waje. Ya makance sarai a 1652. Sa'ad da sarauta ta dawo a 1660 aka ƙone waɗansu littattafansa, aka tsare shi na ɗan lokaci.

Cikin makanta da faɗuwar daraja ne ya shirya babbar waƙarsa, yana faɗa ana rubuta masa. Sunanta Paradise Lost, wato Firdausin da Aka Rasa. Ta fito a 1667 cikin kashi 10, aka sake tsara ta kashi 12 a 1674, layukanta sun haura 10,000. Labarin tawayen Shaiɗan ne da faɗuwar Adamu da Hawwa'u. Abin da Littafin Farawa ya faɗa cikin surori uku, Milton ya shimfiɗa shi, ya ƙara masa majalisar aljannu, da yaƙi a Sama, da doguwar hira tsakanin Adamu da mala'ika.

Abin da Sensabaugh ya samo

Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. Binciken Sensabaugh ya nuna cewa Milton giwa ne a gida, giwa ne kuma a ƙetaren teku. Tun yana da rai akwai zumunci tsakaninsa da Roger Williams, wanda ya kafa mazaunin Rhode Island. Williams ya faɗa cikin wasiƙa cewa sa'ad da ya koma Landan ya koya wa Milton harshen Holan, shi kuma Milton ya taimake shi da waɗansu harsuna. A 1702 Cotton Mather, babban mai wa'azi na Boston, ya riga ya ari layukan waƙar cikin tarihin ikkilisiyoyin yankinsu da ya rubuta. A 1728 Benjamin Franklin, yana ɗan shekara 22, ya shirya wa kansa tsarin sujada, ya sa waƙar yabo ta safiya wadda Adamu da Hawwa'u suka yi a kashi na biyar. A 1756 John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyu, ya rubuta mamakinsa a kan ƙarfin tunanin Milton cikin littafin da yake ajiye labarin kwanakinsa.

Da rikici ya tashi tsakanin Amurkawa da sarkin Ingila, sai darajar mawaƙin ta ƙaru. Thomas Jefferson ya kwafi sassa da dama na waƙoƙinsa tun yana saurayi. A 1776, lokacin da yake shirin raba ikkilisiyar Angilikan da gwamnatin Birjiniya, ya ɗauki bayanai daga rubuce-rubucen Milton a kan mulkin ikkilisiya. Dokar ƴancin addini da ya tsara ta tabbata a 1786. A 1777, ana tsakiyar yaƙin neman ƴanci, Robert Bell ya buga waƙar Firdausi a Filadelfiya, bugu na farko ke nan a ƙasar Amurka.

Bayan samun ƴanci Milton ya shiga aji. Littattafan nahawu da na koyon karatu, irin na Lindley Murray da suka fito a 1795 da 1799, sun ɗauko misalai daga gare shi, yara suka haddace layukansa kafin su san labarin gaba ɗaya. Masu wa'azi suka riƙa siffanta Sama da Gidan Wuta da kalmominsa, masu ba da shawara a kan aure suka mai da zaman Adamu da Hawwa'u a gonar Aidan abin koyi. Mawaƙan sabuwar ƙasa kuma suka so su yi irin tasa. Timothy Dwight, wanda ya zama shugaban kwalejin Yale a 1795, ya buga doguwar waƙa a kan yaƙin Joshuwa a Kan'ana a 1785. Yau ba mai karanta ta sai masu bincike, gama kayan aro ba ya rufe katara.

Hukuncin Sensabaugh shi ne cewa a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 Milton ya zama hukuma a Amurka, ana kafa hujja da shi a kan addini da siyasa da ɗabi'a da harshe, daga baya kuma ikon nan ya fara raguwa.

Ƙarfin littafin

Babban abin yabo a aikin nan shi ne haƙuri. A irin wannan bincike a 1964, sai dai mutum ya zauna ya buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya. Sensabaugh bai tsaya a kan manyan marubuta kaɗai ba. Ya duba har kalandun shekara da manoma suke saye, da gajerun waƙoƙin jarida da ba a san masu su ba. Ta haka ya nuna cewa sunan marubuci yakan yaɗu ta ƙananan hanyoyi, ta bakin malamin makaranta da na mai wa'azi, fiye da ta hannun masana. Wanda ya karanta littafin ba zai ƙara shakkar cewa Milton ya cika ƙasar ba.

Inda hujjar ta yi rauni

Amma cika ƙasa dabam, juya zuciyar mutane dabam. Hanyar Sensabaugh ta tara ambato ce, ambato kuwa yana nuna cewa an san layi, ba ya nuna cewa an fahimci waƙa. Misalai biyu sun isa.

Na fari, Thomas Paine. A watan Janairu na 1776 ya buga Common Sense, ƙaramin littafin da ya zuga Amurkawa su rabu da Ingila. Domin ya nuna cewa sulhu da sarki ba zai yiwu ba, sai ya kawo layukan Milton masu cewa sulhu na gaskiya ba ya tsirowa inda ƙiyayya ta yi zurfin rauni. Abin da bai gaya wa masu karatunsa ba shi ne, a cikin waƙar Shaiɗan ne yake wannan magana, a kashi na huɗu, lokacin da yake ƙin tuba ga Allah. Milton ya sa maganar a bakin wanda ya hallaka kansa, Paine kuwa ya miƙa ta kamar hikimar mawaƙin.

Na biyu, Cotton Mather. Ya ɗauki layukan yaƙi daga waƙar, ya canza waɗansu kalmomi domin su dace da yaƙe-yaƙen da Turawa suka yi da ƴan asalin ƙasar. Waƙar da aka shirya domin ta nuna yadda zunubi ya shiga zuciyar kowane ɗan Adam, sai ga ta an mai da ita makami a kan wata al'umma. A lissafin mai tara ambato, Paine da Mather duka shaidu ne na tasirin Milton. A gaskiya kuwa, shaidu ne na yadda mai karatu yakan tanƙwara marubuci ya bi ra'ayinsa.

Haka yake a fannin siyasa. Ra'ayin cewa iko daga jama'a yake fitowa, da cewa ana iya tuɓe azzalumi, yana cikin Milton, amma yana kuma cikin John Locke da Algernon Sidney, waɗanda Amurkawa suka karanta ƙwarai. In mai wa'azi irin Jonathan Mayhew ya hau bagade a Boston a 1750 ya ce biyayya ga sarki tana da iyaka, daga wane littafi ya sha? Kama da wane ba ta wane. Inda akwai takardar hannu, kamar bayanan Jefferson, hujjar Sensabaugh a tsaye take. Inda kamannin ra'ayi ne kawai, sai a karɓe ta da hattara.

Gwajin 1825

Akwai abin da ya faru wanda ya gwada irin sanin da aka yi wa mawaƙin. A 1823 aka gano wani rubutun hannu na Latin a ma'ajiyar takardun gwamnati a Landan, aka buga shi da fassararsa a 1825. Littafi ne a kan koyarwar Kirista mai ɗauke da sunan Milton. A cikinsa an koyar cewa Ɗan ba daidai yake da Uba a zati ba, an ce auren mata fiye da ɗaya bai haramtu ba, an kuma ce rai yana mutuwa tare da jiki har ranar tashin matattu. Waɗanda suka yi shekaru suna kafa hujja da shi a kan bagade suka ji kamar an yi musu fashi. Amma William Ellery Channing, shugaban masu ƙin koyarwar Triniti a Boston, ya yi murna, ya rubuta dogon sharhi a 1826 yana ɗaukar Milton ɗan gidansu. Alamun ra'ayin nan kuwa suna cikin waƙar tun 1667, a yadda aka siffanta ɗaukakar Ɗan a kashi na biyar, sai dai ƙalilan ne suka kula. A farkon shekarun 1990 William Hunter ya yi gardama cewa littafin ba na Milton ba ne, amma ƙungiyar masana da ta bincika rubutun ta buga sakamakonta a 2007, ta tsaya a kan cewa nasa ne, yawancin masana kuma sun yarda da haka.

Abin da na baya suka ƙara

Maganar raguwar ikon Milton ita ma tana bukatar gyara. Ralph Waldo Emerson ya rubuta babban sharhi a kansa a 1838. Herman Melville ya cika gefen shafukan nasa kwafin da rubutu, masu nazari kuma suna ganin inuwar Shaiɗan na Milton a jikin Ahab, shugaban jirgin littafinsa Moby-Dick na 1851. K. P. Van Anglen ya nuna a 1993 cewa masanan Boston sun ci gaba da jayayya a kan wa ya gāji mawaƙin. Abin da ya ragu shi ne ambatonsa a matsayin hukuma, karatunsa kuwa ya daɗa zurfi.

Gyara mafi muhimmanci ya zo daga masu nazarin adabin baƙaƙen Amurka, kamar Carolivia Herron a 1987 da Reginald Wilburn a 2014. Phillis Wheatley yarinya ce da aka kamo daga Afirka ta Yamma, aka sayar da ita a Boston a 1761. Ta koyi Turanci har ta buga littafin waƙoƙi a Landan a 1773, a can kuma aka ba ta kyautar waƙar Firdausi, kwafin da yake ajiye a Jami'ar Harvard. A wannan shekara aka ƴanta ta. Ga wanda yake cikin sarƙa, waƙar da take magana a kan rasa gida, da bauta, da ƴanci, tana da ma'anar da Jefferson, mai bayi da yawa, bai ji ba. Kusan shekara 200 bayan haka Malcolm X ya faɗa cikin tarihin rayuwarsa na 1965 cewa ya karanta waƙar a kurkuku, shi ma ya ga koyarwar da yake bi a lokacin a cikinta.

Kammalawa

Littafin Sensabaugh har yanzu shi ne mafarin duk mai son sanin wannan batu, gama ya tara kayan aikin da na baya suka yi gini da shi. Kuskurensa, in an kira shi kuskure, shi ne ya ƙidaya masu ambato ya ɗauke su almajirai. Mai karatu zai fi cin moriyarsa in ya riƙa tambaya a kowane shafi: wa ya ari layin nan, daga bakin wa ya ɗauko shi, me kuma yake so ya yi da shi?

Akwai kuma gargaɗi a nan ga masu wa'azi da masu koyarwa. Farawa sura ta uku ba ta ce tuffa aka ci ba, ba ta ba da labarin majalisar aljannu ba, Wahayin Yahaya ne ma ya kira tsohon macijin da sunan Shaiɗan a fili. Amma tsara bayan tsara a Amurka sun girma suna haɗa hoton mawaƙi da maganar Nassi, har ba su iya rabe su. Milton kansa ya nace cewa kowane mutum ya bincika Littafi Mai Tsarki da kansa, kada ya dogara ga abin da ya gāda. Girmamawar da ta dace da shi, da kowane marubuci da muke ƙauna, ita ce mu karanta shi daga farko har ƙarshe, mu san wanda yake magana a kowane wuri, sa'an nan mu gwada abin da ya faɗa kafin mu hau bagade da shi.